Farar Shinkafar Mushe Alkasum

Masu cewa manyan mutane sun ƙare a Damagaram ba su taɓa ratsawa ta bayan Kasuwar Dole da hantsi ba. Da sun ratsa, da sun ga Mushe Alkasum yana saukowa daga kan babur, farar rigar likita ta sha guga har tana iya tsayawa da kanta, tabarau a karan hanci, abin awon ƙirji rataye a wuya kamar laya. Ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya gama gyara wuyan riga. In ya gama sai ya ɗaga yatsu biyu, jama'a su raba gaisuwar a tsakaninsu.

Allah ya yi wa garin nan baiwa da shi, shi ma ya sani, kuma ba ya rowar tunatarwa. Asalinsa ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Ya yi shekara da shekaru yana allura da wankin gyambo, ba wanda ya damu da sanin sunansa. Sai bara aka aiko daga Yamai ana neman mutum guda ya halarci horon yini biyu kan abincin masu ciwon hanji. Babban likita ba shi da sukuni, mai bi masa tana jego, aka waiga aka ga Alkasum a zaune. Ya tafi yana Alkasum, ya dawo yana Mushe, irin laƙabin girmamawa na Faransanci. Ya dawo da sabuwar kwat, da takardar shaida a cikin gilashi, da hotonsa sanye da kwat yana rungume da takardar, wanda ya tura wa duk mai waya a danginsu har Zermu. 'Yan kabu-kabun ƙofar asibiti suka naɗa shi Sarkin Hanjin Damagaram. Da labari ya iso masa bai ji haushi ba. Ya dai ce sarautar ta zo a makare.

A yi wa mutum adalci, ilimin da ya ɗauko ba ƙarya ba ne. Akwai mutanen da hanjinsu ba ya jituwa da wani irin zaƙi da ke ɓoye a cikin albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, mangwaro da zuma. In sun ci, abin sai ya gangara bai narke ba, ya yi tsami kamar ƙullun da ya kwana, ciki ya kumbura ya yi ta murɗa, yau zawo gobe ɗaurewa. Idan aka janye waɗannan abinci, da yawa sukan sami sa'ida. Likitoci na kiran tsarin Fodmaf. Mutanen gari kuwa rijim suka sani, rijim ɗin Mushe Alkasum.

Kowace Laraba yakan jera masu ciwon ciki a kan benci a barandar asibiti, ya rataye takardar shaidarsa a ƙusa inda kowa zai gani, ya ɗauki ɗan sanda ya tsaya gaban allo.

"Bon," yakan fara. "Ku buɗe kunnuwanku, domin abin da zan faɗa, daga nan har Difa ba mai iya faɗa muku shi. Kuna zaton hanji igiya ce. Hanji gwamnati ne. Yana da ministoci, yana da jandarma, yana da 'yan duwan masu binciken kaya a bakin iyaka. Albasa kuwa 'yar fasa-ƙwauri ce, wake ɗan tawaye ne. Donk, daga yau na rufe iyaka."

Wata tsohuwa da ta zo daga Guna ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, to in ba albasa, me zan sa a miya?"

Ya dube ta ta saman tabarau, irin duban tausayi. "Iya, tambayar nan ta nuna inda karatunki ya tsaya. Ki dube ni. Tun da na dawo daga Yamai albasa ba ta ƙara ratsa leɓena ba. Kin ga na mutu?"

Bai mutu ba kam, ƙiba ma yake yi. Dalilin ƙibar kuwa mai tsiren bakin tasha ya san shi. Kullum bayan la'asar Sarkin Hanji yakan tuɓe farar riga ya ninke ta a cikin jaka, ya tsaya ya ba titi baya, ya ce a ƙara albasa, a ƙara yaji. A tunaninsa in ya cire rigar ba mai gane shi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma mai tsiren bai taɓa jin wannan magana ba, duk wanda ya zo sayen nama sai ya tafi da gyaran labari.

Cikin ɗaliban Laraba akwai Kolo, wani dattijon baduku daga unguwar Birni, mai ɗinkin jaka da kube. Ciwon ciki ya daɗe yana wahalar da shi. An yi jiƙo, an yi rubutu, an yi ƙwayoyin farmasi, shiru. Ya ɗauki rijim da gaske kamar alwala. Matarsa ta ware masa tukunya: farar shinkafa, ko tuwon gero da miyar da ba ta ga albasa ba. Cikin 'yan makonni ciki ya lafa. Kolo ya zo ya durƙusa yana godiya, har ya kawo wa Mushe jakar fata ta kyauta. Mushe ya karɓa da hannun hagu, ya ce ba komai, aikinsa ne ceton al'umma.

To amma lafiyar ta zo da kuɗin goronta. A layin su Kolo, kamar sauran tsofaffin unguwanni, ciyayya ake yi. Ana idar da magariba magidanta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a tsakiya, kowa ya sa hannu a na kowa. Ba don yunwa ake yi ba. Da haka ake sanin babu komai tsakanin wane da wane. Kolo da maƙwabcinsa Malam Abubakar tun suna samari suke cin kwano ɗaya, har an san Kolo ba ya taɓa abincin gidansa sai ya fara da na gidan Abubakar. Matar Abubakar kuwa, Delu, ita ce ake kira girki duk bikin da ya amsa sunansa a Birni. Hannunta da albasa kamar an haife su rana ɗaya, in tana suya layi uku ne ke sani.

Yanzu ga Kolo yana zuwa tabarma da ɗan kwanonsa daban, ana buɗe na Delu yana kau da kai. Ran farko aka yi dariya. Da abu ya yi nisa dariya ta ƙare. A wurinmu, mutum ya daina cin abincin wani gida alhali yana cin na gidansa, fassara ɗaya ake yi masa: yana zargin an sa masa wani abu. Magana ta fara zagayawa wajen ɗibar ruwa, wai Kolo ya je wajen masu duba an ce masa Delu ce ta yi masa sammu. Da ta isa kunnen Delu, ta yini tana kuka.

Kolo ya yi rantsuwa ya yi bayani, ya ce likita ne ya hana. Abubakar ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Wane likitan? Wanda nake gani a bakin tasha yana cewa a ƙara albasa? Kolo, in kana tsoron kwanon gidana ka faɗa mini kai tsaye, kada ka fake da likita. Tun muna da baƙin gashi kake cin albasar Delu ba ta kashe ka ba, sai bana."

Washegari Abubakar ya ja tabarmarsa zuwa ɗaya gefen ƙofa, sauran magidanta suka bi kwanon Delu, don kowa ya san inda daɗi yake. Aka bar Kolo da shinkafarsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, fiye da yadda ciwon ciki ya taɓa ci masa.

Laraba na zagayowa ya jira har aka watse, ya bi Mushe cikin biro, wato ofishinsa, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe, cikin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Amma rijim ɗin nan ya raba ni da aminina. Har zuwa yaushe zan yi shi?"

Wannan tambaya ba a taɓa yi wa Mushe ita ba, shi ma bai taɓa yi wa kansa ba. Ya leƙa cikin kansa ya tarar ba amsa. Wani ƙaramin mutum da sai ya ce bari in bincika. Amma babba ba ya bincike a gaban baduku.

"Har abada," in ji shi.

"Ko loma guda, don fita kunyar maƙwabci?"

"Malam Kolo, kimiyya ba ta san maƙwabci ba."

Maganar ta yi wa Mushe daɗi a baki har ya maimaita ta, ya ƙudura zai sa ta a darasin mako mai zuwa. Kolo ya roƙe shi ko zai taka zuwa Birni ya yi wa Abubakar bayani da bakinsa. Mushe ya yi murmushi ya ce shi masani ne, ba mai unguwa ba. Kolo ya koma gida, ya ba Abubakar labarin amsar ta kan katanga, ko zai yarda. Abubakar ya juya ya shige ɗaki.

Damina ta zo ta wuce, aka kai gero rumbu, Kolo na nan kan farar shinkafa. Mangwaro ya shigo ya fita bai taɓa ba. Furar da yake sha da azahar ta zama tarihi. Hularsa ta fara yi masa yawa, zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Duk Laraba Mushe yakan tsayar da shi gaban sababbin ɗalibai ya ce su dubi cikinsa yadda ya shafe. Ya shafe kam, har da abin da ba a ce ya shafe ba.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Madam Safiya, likitar cikin da ta koyar da su a Yamai, tana zagayen ganin yadda ɗalibanta ke aiki, kuma za ta biyo ta Damagaram. Wani da sai gabansa ya faɗi. Mushe kuwa ya fahimci abin da ke ƙasa: labarinsa ya kai Yamai, an zo a ɗauki darasi. Ya sa aka kafa rumfa a gaban asibiti, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Ya gayyaci masu unguwanni da limamai da duk wanda ya taɓa cewa cikinsa na ciwo. Ya ce a kira mutanen layin su Kolo musamman, su zo su ga yadda ake ɗaukaka maƙwabcinsu. Da aka zo maganar walima ya ce shi ba ya harka da ƙananan masu girki, a nemo wadda ta fi kowa a Birni. Aka nemo Delu.

Ranar ta zo. Mushe ya sa kwat ɗin Yamai, ya ɗora farar riga a kai, rana na dukan duwatsun gari yana zufa yana murmushi. Madam Safiya ta iso, mace mai ƙaramin jiki da atamfa da jaka a kafaɗa, har mai tsaron ƙofa ya so ya tura ta layin marasa lafiya. Aka zaunar da ita. Daga bayan asibiti ƙamshin suyar Delu yana tasowa yana ratsa rumfa.

Mushe ya kama lasifika. Ya fara da tarihin hanji tun daga Annabi Adamu, ya gangaro kan haihuwarsa, ya tsaya ya daɗe a kan tafiyarsa Yamai.

"Na iske Damagaram cikin duhu," in ji shi, "cikinta a kumbure. Na ce ba zan yi barci ba sai kumburin ya sace. Kuma shugaba na gari da kansa yake farawa. Ina shaida muku a gaban malamai da Madam, ni Alkasum na yi bankwana da albasa, da tafarnuwa, da wake, da madara, bankwana na har abada. Duk wanda ya sa mini su a kwano, maƙiyina ne."

Aka yi tafi. Mai tsiren bakin tasha, wanda ya zo kallo, ya fi kowa tafi. Baki shi ke yanka wuya, amma mai bakin yana ta sunkuyar da kai yana karɓar yabo.

Sai aka fito da Kolo. Ya tako a hankali, riga na lilo a jikinsa. Mushe ya dafa kafaɗarsa kamar mai tallan rago, ya ce ga hujja, tun kafin damina mutumin nan bai karya rijim ko sau ɗaya ba.

Madam Safiya ta daina murmushi. Ta taso ta karɓi lasifikar, ta dubi Kolo tun daga hula har takalmi.

"Sannu, Baba. Tun kafin damina? To wane abinci aka fara mayar maka?"

"Mayarwa kuma, 'yata? Ai cewa aka yi har abada."

Ta juya ta dubi Mushe, sannan ta juyo ga jama'a. Ba ta ɗaga murya ba, lasifikar ce ta ɗaga mata.

"Jama'a, wannan rijim ba a zama a cikinsa. Na 'yan makonni ne, don ciki ya huta. Daga nan sai a riƙa mayar da abinci ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, a ga wanne ne mai laifin. Wani wake ne kawai ke damunsa, wani madara. Sauran duk ya ci abinsa. In aka bar mutum a kai wata da watanni, ramewa zai yi, kamar yadda kuke gani. Ko a makonnin farko ma ba a hana lawashi ba, ganyen albasa ba ya komai. Duk wannan shi ne darasin yini na biyu."

Tsohuwar Guna ta ce daga cikin taro, "Ashe lawashi ya halatta."

Madam ta ƙara duban Mushe, wannan karon kwat ɗin take kallo. "Af, yanzu na gane ka. Kai ne yini na biyu ba mu gan ka ba sai da ana rabon takardun shaida. Ka shigo da wannan kwat ɗin, takardar shago na lilo a hannunta, kana tambaya ina mai hoto."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga shi yau ya ƙuƙume mai shi a gaban limamai. Mushe ya buɗe baki ya ce "Bon," ya jira sauran maganar ta zo. Ba ta zo ba.

Kolo bai ko dube shi ba. Tambaya ɗaya ce a ransa.

"'Yata, yau zan iya cin abincin maƙwabcina?"

"Ka fara da loma biyu uku, Baba, ka ga yadda ciki zai karɓa. Gobe ka zo in tsara maka sauran kafin in wuce."

Aka shimfiɗa tabarmi, aka fara fito da farantai. Malam Abubakar yana zaune da mutanen layinsu, kansa a ƙasa, don ya gane ya zargi amininsa a banza. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, ba a saba ba. Ya dai matsa gefe, ya buga tabarma da tafin hannu. Kolo ya zo ya zauna. Ya yi bisimilla ya kai hannu cikin dambun Delu, ya kai baki, idonsa ya kawo ruwa. Abubakar ya ce yajin ne. Kowa ya yarda yajin ne.

Mushe kuwa ya koma kan babbar kujerarsa ta gaba, yana lissafin cewa abin da ya rage masa a wannan yini shi ne walima. Tun safe bai ci komai ba saboda ita. Yana hango faranti na wucewa, naman rago kwance a kan shinkafa, soyayyar albasa ta yi ja a sama. Sai ga Delu da kanta ta nufo shi da kwano mai murfi, sabo fil, a kan faifai. Ya gyara zama. Ko ba komai, akwai sauran masu sanin darajar manya.

Ta durƙusa har ƙasa ta ajiye.

"Ranka ya daɗe, duk mun ji jawabinka. Ni ba zan zama maƙiyiyarka ba. An riga an ce na yi wa mutum ɗaya sammu, ba za a ce na yi wa na biyu ba. Matar Kolo ce ta koya mini yadda ake dafa maka."

Ya buɗe. Farar shinkafa ce, fara tas, ko gishiri sai an yi bincike. Ya ɗaga kai, ya ga taron duka shi ake kallo, cikin girmamawa. Ya ci. Shi kaɗai a kan kujera, kowa na ƙasa ana haɗa hannu a faranti, lasifikar da aka manta a kunne kusa da shi tana watsa kukan cikinsa har bakin kasuwa.

Daga ranar Damagaram ta ɗauki nauyin lafiyar Sarkin Hanjinta. Suna ko ɗaurin aure, duk inda ya sa ƙafa, kwanonsa na nan a gefe da murfi, an san abin da ke ciki. Ya je Hamdara ta'aziyya ya tarar labari ya riga shi, shinkafar ma ta riga shi. Ya lallaɓa bakin tasha ya tuɓe farar riga, mai tsire ya janye tiren albasa ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ba da hannuna za a kashe Sarki ba."

Kolo dai an gano wake ne da ɗanyar madara ba sa yi da shi. Albasa in ba ta yi yawa ba lafiya lau, Delu kuma ta koma zuba lawashi a kwanon da za a fitar waje. Hularsa ta dawo daidai kansa. Da yake mutum ne mai tausayi, wata magariba suna tsakiyar ci ya ce, "Malam Abubakar, bawan Allahn nan fa ya fara ramewa. Har zuwa yaushe za a bar shi a kan farar shinkafa?"

Abubakar ya tura masa tsokar nama gabansa, ya suɗe yatsa.

"Har abada," in ji shi. "Kimiyya ba ta san maƙwabci ba."